Mai Kiran Dila Da Mai Ƙullin Guba: Wa Ke Tsare Wa Falke Awakinsa?

Duk wanda ya san unguwar Moursal da ke nan birnin N'Djamena ya san cewa ba ta farkawa sosai sai rana ta faɗi. Da an idar da sallar magariba hayaƙin masu gashi zai turnuƙe bakin titi, kiɗa na tashi ta kowace kusurwa, 'yan uwanmu Hausawa masu tsire da balangu kuma su hura wuta su shiga neman halaliyarsu a cikin wannan hayaniya. A gindin tukubar ɗaya daga cikinsu ne, mun taso daga gidan rediyo za mu gida, muka tarar da gardamar da ta sa mu yin wannan rubutu.

Wani Alhaji ne mai fataucin awaki da tumaki zuwa Gamboru yake kuka da asarar da ya yi. A cewarsa, ya tara dabbobi daga kasuwannin ƙauye ya ba wani makiyayi ajiya a dajin Massaguet kafin mota ta cika, amma kusan kowace safiya sai a tarar dila ya ɗauke ɗan akuya ko ya raunata tunkiya. Ya rantse cewa wannan karon sai ya tafi da ƙullin magani ya barbaɗa a mushe, kowa ya huta. Ana cikin haka wani matashi ya miƙo wayarsa yana nuna wa jama'a hoton bidiyon wani Bature a Amurka, zaune a cikin ciyawa da wani ɗan usur a baki yana busawa, can sai ga wata dabba mai kama da dila ta sheƙo a guje har kusa da shi. Mutane suka yi ta mamakin dabarar Bature.

Wani dattijo maharbi da yakan kawo wa mai tsiren zabi yana gefe yana saurare. Bai ce uffan ba. Ya ɗora bayan hannunsa a leɓe ya tsotsa, sai ga wani kuka siriri mai ban tausayi ya fito, kamar an danne wa zomo wuya. Kafin ya rufe baki karnuka biyu da ke kwance bayan tukuba sun miƙe, kunnuwa a tsaye suna dube-dube. Aka kwashe da dariya, matashi ya mayar da wayarsa aljihu. Nan take muka roƙi Baba ya yarda mu bi shi daji mu gani da idonmu, ya ce mu shirya mu same shi da asubar ranar da za mu huta daga aiki.

Massaguet tana da tazarar kilomita kusan 80 daga N'Djamena ta arewa maso gabas, kuma sananniya ce ga duk mai harkar dabbobi. Mun kwana a wata ruga da ke gefen hanya, lokacin kuwa sanyin hunturu ya kankama. Baba bai ɗauki bindiga ba, sanda kawai ya riƙe. Ya shaida mana cewa tun bayan hare-haren bam da aka kai birnin N'Djamena a watannin Yuni da Yuli na shekarar 2015 ya rage yawo da ita, domin bayani a shingen jami'an tsaro ya fi farautar wuya. Wannan fita, in ji shi, ta nuni ce kawai.

Abin da ya fara yi da muka fito fili shi ne ya ɗebi ƙasa ya sake ta daga sama domin ya ga inda iska ta nufa. Daga nan ya zagaya da mu tafiya mai ɗan nisa har sai da iskar ta koma tana bugun fuskarmu, gabas kuma tana bayanmu, ta yadda idan rana ta ɓullo idon dila za ta haske ba namu ba. Ya zaunar da mu a jikin wata aduwa mai duhuwa, ya gargaɗe mu cewa ko sauro ne ya sauka a hancinmu kada mu ɗaga hannu. Muka yi shiru na ɗan lokaci har tsuntsayen da muka firgita suka koma harkarsu. Sannan ya soma. Kukan farko a hankali ya yi shi, gajere, ya tsaya. Bayan wani lokaci ya sake, wannan karon da ƙarfi da rawar murya, kamar dabbar da ke shure-shuren mutuwa, ya kuma yin tsit. Shirun ya fi kukan tsawo nesa ba kusa ba. Daga baya ya bayyana mana cewa a nan ne yara ke ɓata aiki, domin zomon da aka kama ba ya kwana yana ihu, ƙarfinsa ƙarewa yake yi, kuma dila ya san haka fiye da mutum.

Mun fara fid da rai, ƙafa ta yi sanyi, sai Baba ya taɓa mu da gwiwa. Can nesa tsakanin ƙayoyi muka hango shi, launinsa kamar na busasshiyar ciyawa, yana sassarfa yana tsayawa. Bai miƙo kai tsaye ba. Da ya matso sai ya karkata ya fara zagaye, yana neman ya koma ta bayanmu inda iska za ta kai masa warin abin da ke kukan. Da ya isa daidai wurin ya ɗaga hanci sau ɗaya, ya juya, ko ƙurarsa ba mu ƙara gani ba. Baba ya dube mu ya girgiza kai. Laifinmu ne, domin mun shafa turare kafin mu bar gida, irin na mutanen Chadi da ba ya barin riga ko an wanke. Ya ce da da bindiga ya zo, a tsayuwar farko zai gama da shi, tun kafin ya fara zagayen. Ba banza ba Bahaushe ya yi wa dila kirari da malamin daji.

Wannan dabara ta yaudarar dabba ba baƙuwa ba ce a wurin maharbanmu. Mai karatu ya san burtu, wato kan tsuntsun nan da maharbi ke ɗaurawa a goshi ya sunkuya yana tafiya yana caccakar ƙasa har ya kusanci barewa ba ta ankara ba. A dazuzzukan kudancin Kamaru da Afirka ta Tsakiya kuma maharba na toshe hanci su kwaikwayi kukan gada, ta taho da ƙafarta. Bambancinmu da Baturen da ke cikin wayar shi ne, shi an ƙera masa usur a masana'anta, namu kuwa hannu da leɓe ne.

Dabbar da ke cikin bidiyon ita ake kira koyote, kuma ashe 'yar uwar dilanmu ce ta kusa. A shekarar 2015 masana suka fitar da sakamakon binciken jinin waɗannan dabbobi, inda suka gano cewa dilan nan namu na Sahel, wanda aka daɗe ana ɗauka iri ɗaya ne da na ƙasashen Asiya, ya fi kusa da kyarkecin Turai da koyoten Amurka. Halinsu ma ɗaya ne: suna zama mace da namiji a yankin da suke tsarewa, suna cin ɓera da zomo da fara da 'ya'yan itace da mushe, idan kuma suka sami ɗan akuya ba mai tsaro ba sa ƙi. Sai dai koyote ya ɗan fi namu girma. Saboda haka labarin yadda makiyayan Amurka suka kwashe da shi ya shafe mu, tunda sun riga mu gwada duk abin da Alhaji yake shirin gwadawa.

A jihohin yammacin Amurka irin su Texas da Wyoming da Montana akwai filayen kiwo masu faɗin gaske, inda mutum ɗaya kan mallaki dajin da a nan zai ɗauki ƙauyuka da yawa, a saki tumaki da shanu cikin shingen waya ba makiyayi a bayansu. Ƙididdigar ma'aikatar noma ta ƙasar ta nuna cewa fiye da rabin tumakin da namun daji ke kashewa aikin koyote ne. Tun a shekarun 1950 wasu 'yan uwa 'yan gidan Burnham a Texas suka shahara da ƙera usur mai kukan zomo suna sayarwa, kuma daga nan sana'ar ta bunƙasa. Usur ɗin iri biyu ne. Akwai wanda harshensa ke rufe a ciki, kowa ya busa zai yi kuka, akwai kuma mai buɗaɗɗen harshe wanda ake danne shi da haƙori ko leɓe a sauya murya, a yi kukan zomo ko na ɗan barewa ko haushin koyoten kansa, musamman a watannin Janairu zuwa Maris lokacin da suke barbara, namiji na jin muryar baƙo a yankinsa ya taho faɗa. Yanzu har akwai na'ura mai batir da ke ɗauke da kuka iri-iri, amma tsofaffin hannu har gobe suna fifita na baki, saboda suna iya rage murya ko ƙara ta gwargwadon yadda suka ga dabbar na tahowa. Ƙa'idojinsu kuwa su ne na Baba: a kula da iska, a jingina da duhuwa, a yi haƙuri na minti 15 zuwa 30, in ba a ga komai ba a tashi a sauya wuri.

Amma ba da usur gwamnatin Amurka ta yaƙi koyote ba. A shekarar 1931 aka yi dokar da ta ba hukuma ikon kawar da namun dajin da ke ɓarna, aka shiga zuba guba a mushe a faɗin daji, ana kafa tarko, daga baya har da harbi daga jirgin sama. Gubar ta kashe mikiya da yanyawa da karnukan makiyaya da dabbobin da ba ruwansu, har sai da shugaba Nixon ya sa hannu a 1972 ya hana amfani da ita a filayen gwamnatin tarayya, ko da yake an sassauta hanin daga baya. A shekarun bayan nan ma hukumar da ke wannan aiki takan kashe tsakanin 55,000 da 80,000 a shekara, ban da waɗanda maharba ke kashewa. To, ina sakamakon? Koyoten da a da yake zaune a filayen tsakiya da yammacin ƙasar yau babu jihar da babu shi in ban da tsibirin Hawaii, ana ganinsa a cikin biranen Chicago da New York, ya kuma gangara kudu har ƙasar Panama.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Idan aka rage yawansu abinci yakan wadata ga waɗanda suka saura, mata su haihu da yawa, 'ya'yan su rayu, baƙi kuma su shigo daga maƙwabta su cike gurbin. Wasu masana biyu a jihar Kalifoniya sun yi lissafi a 1975 cewa sai an riƙa kashe kashi 75 cikin 100 kowace shekara har fiye da shekara 50 kafin a ga bayansu. A wata gonar bincike da ke Hopland a wannan jiha kuma an gano cewa yawancin tumakin da ake kashewa aikin ma'aurata ne masu riƙe da yankin da garken yake, musamman lokacin da suke ciyar da 'ya'ya, sauran kuwa ɓerayensu suke ci. Ma'ana, kashe guda goma da ba su da laifi bai kai cire guda ɗaya mai laifin amfani ba. Da muka karanta wa Baba wannan bayani sai ya yi murmushi, ya ce ai shi ba ya kira sai a kusa da inda aka yi ɓarnar, kuma da asubar da ta biyo baya, domin ɓarawon bai yi nisa ba.

Yanzu bari mu dawo kan ƙullin Alhaji, domin a nan ne maganar ta shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Ba a daji ake haƙo gubar nan ba, a teburanmu ake sayen ta, daga Kusuri zuwa Gamboru, daga Mubi zuwa Diffa, a ƙulle a leda ba suna ba takarda, wani ya ce shinkafar ɓera, wani ya ce maganin tsutsa. Mafi muni a ciki shi ne mai ƙwayoyi launin shunayya da aka fi sani da Furadan, wanda aka yi domin ƙwarin gona. Kwamitin kula da magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, wanda Chadi da Nijar ke ciki, ya haramta sinadarinsa tun 2015. A Nijeriya ma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni a 2019. Duk wanda aka kama da irin wannan kaya a gadar Ngueli ba shi da bakin magana, kuma ribar ƙullin ba ta kai kuɗin da zai kashe kafin ya fita ba.

Mushen da aka barbaɗa wa guba ba ya tambayar wanda ya zo ci. Dila mai wayo sau da yawa yakan sansana ya wuce, kamar yadda ya yi mana a gindin aduwa. Wadda ba ta wucewa ita ce ungulu, kuma ba ta zuwa ita kaɗai, jaki ɗaya na iya kwantar da gomomi a wuni guda. Sai karen makiyayi, sai shaho da hankaka, wani lokaci har kajin ruga. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe mai suna Thiollay ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye wajen 1970, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun daji. A 2015 aka sanya ungulun nan ta mahauta da kowa ya sani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A 2020 kuma aka tsinci gawar fiye da 2,000 a gabashin Gini Bisau, an kashe su da guba, da yawa an yanke kawunan domin sayar wa masu tsibbu. Ba sai mun faɗa ba, wasu daga cikin masu safarar irin waɗannan kawuna zuwa kasuwannin Nijeriya da harshenmu suke ciniki. Dattawan Farcha, inda babbar mayankar birnin nan take, suna iya gaya wa mai karatu yadda sama take a da da yadda take yanzu.

Wani zai ce, to ina ruwan falke da ungulu? Indiya ta ba da amsa. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa, mai suna diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayen ƙasar kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya rasa mai kwashewa, karnukan da ba su da masu su suka yawaita a kansa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Mu a nan mun san wannan ciwo, musamman a unguwannin kudancin birni irin su Moursal da Chagoua da Walia inda karnuka suke da yawa. A 2012 da 2013 an yi gangamin yi wa karnukan N'Djamena allurar rigakafi kyauta, aka samu fiye da kashi 70 cikin 100, ciwon ya ɗauke na tsawon watanni, sannan ya sake shigowa daga wajen gari. Dila ma yana ɗaukar wannan ciwo. Dajin da mushe ke ruɓewa ba ungulu, karnuka da diloli na cuɗanya a kansa, shi ne dajin da dabbobin Alhaji za su kwana a ciki, kuma ta nan ne yaransa masu kora za su bi.

Dukiyar da ake magana a kanta ba ƙarama ba ce. Ƙidayar dabbobin da gwamnatin Chadi ta yi daga 2012 zuwa 2015 ta samu kusan miliyan 94, a ciki awaki sun haura miliyan 30, tumaki sun haura miliyan 26, kuma Nijeriya ce babbar kasuwarsu. Tun da rikicin Boko Haram ya dagula hanyar Gamboru zuwa Maiduguri a 2014, fatake da yawa suka koyi dogon zagaye ta Nijar ko ta kudu zuwa Adamawa. Kowane ƙarin kwana a daji ƙarin dare ne da dila da kura za su gwada sa'arsu. Don haka ba mu raina kukan Alhaji ba, asara ce ta gaske, kuma ba wanda zai biya shi.

Sai dai a ganinmu inda ya kamata ya sa kuɗinsa daban ne. Makiyayan Amurka, bayan duk jiragensu da gubarsu, da yawa sun dawo kan abin da kakanninmu suka sani: a killace ƙananan dabbobi da dare, a ajiye manyan karnuka masu kwana cikin garke, a bar mutum kusa da masu haihuwa. Wasu har jaki suke saye su saka cikin tumaki, saboda jaki ba ya shiri da duk wani abu mai kama da kare, yana ganinsa zai bi shi da harbi da cizo. Abin dariya, mu kuma namu jakunan muka yi ta lodawa masu fata har sai da Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su domin fata a watan Fabrairun 2024. Shingen ƙaya mai tsayi da kauri a zango, da yaro mai tocila da kare, sun fi ƙullin leda arha idan aka haɗa lissafi. Idan kuma wani dila ya ɗanɗana ya ƙi bari, to a nan ne aikin irin su Baba yake, a kira shi a cire shi shi kaɗai. Amma a fara da sanar da ma'aikatan gandun daji, domin dokar Chadi mai lamba 14 ta shekarar 2008 ita ke tafiyar da harkar daji da namun daji da kifi, kuma farauta da bindiga sai da izini.

Matsalar ita ce masu wannan sani ƙarewa suke yi. Baba ya shaida mana cewa 'ya'yansa maza duk suna birni, biyu na haya da babur, wanda a nan ake kira kilando, ɗaya na sayar da katin waya, ba wanda ya yarda ya zauna a gindin aduwa cikin sanyin asuba yana tsotsar hannu. Waɗanda ke zuwa wurinsa ma, in ji shi, ba kira suke so su koya ba, laya suke nema.

Bayan mako guda mun sake haɗuwa da su biyun a gindin tukubar nan ta Moursal. Alhaji bai sayi ƙullin ba tukuna, amma bai ce ya fasa ba. Ya tambayi Baba abin da zai karɓa ya je ya kwana uku a rugar, Baba ya ce kuɗin mota da ɗan akuya guda. Alhaji ya ce ai ɗan akuyan ne yake gudun rasawa, Baba ya amsa masa cewa dila bai taɓa tsayawa a guda ba. Muka bar su suna ciniki, mai tsire na shiga tsakani, an sauko zuwa kuɗin mota da rabin buhun gero, Alhaji na cewa sai ya ga fatar dilan kafin ya auna.